Na kai yara baje kolin al'adun Meziko, wani abu ya tsaya mini a rai

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Maganar tawa da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Ranar Asabar na kai Hanifa da Sadiq gidan tarihin yara na garinmu a nan Tekzas, saboda an buɗe sabon sashe kan al'adun Meziko. Ga waɗanda ke gida ba su taɓa shiga irin wajen ba, suna ne kawai gidan tarihi, babu kayan da aka kulle a gilashi, babu mai ce wa yaro kar ka taɓa. Komai daidai tsayin yaro aka yi shi.

An gina ɗan ƙauye da dandali a tsakiya. Ga kasuwa da kwandunan masara da wake da barkono na roba, ga sikeli, ga kuɗin wasa irin nasu, feso. Sadiq ya kama rumfa ya ce tasa ce, ya fi rabin awa yana ciniki da yaran da bai taɓa gani ba. Ita kuwa Hanifa madafi ta liƙe wa, tana mulmula ƙullu tana sa shi a wani ƙarfe mai marfi tana dannawa, ya fito fale-fale, wato tortiya. Akwai ƙaramar masaƙa, akwai teburin yanka takarda mai launi. Wallahi na ji daɗi, ban ga sun nemi waya ko sau ɗaya ba.

Sai muka iso wani lungu. Tebur ne mai hawa-hawa, an jera hotunan mutane, furanni ruwan goro, kyandir na batir, burodi, da ƙoƙon kan mutum na ado. Matar da ke kula da wajen ta miƙa wa yara takarda ta ce kowa ya rubuta sunan wani nasa da ya rasu ya ɗora a kai. Kun san bara na rasa mahaifiyata. Kafin in ankara Hanifa ta ɗauki fensir ta fara rubuta Kaka. Na riƙe hannunta na ce a'a. Ta dube ni idonta ya ciko ta ce, "Mama, ba kya son a tuna da ita ne?" Har yanzu maganar nan ba ta bar ni ba. Na yi daidai? Kuma me zan ce mata?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Kin yi daidai ƙwarai. Ni dai da ni ne, tun farko ba zan kai su ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da yaro ya yi da hannunsa ya fi zama a zuciyarsa fiye da abin da aka faɗa masa. Yau a ce wasa ne, gobe ya zama abin da ya saba da shi. Muna fama mu riƙe su da sallah da Hausa a ƙasar nan, sai kuma mu kai su da ƙafarmu inda za a ce su ɗora sunan mamaci gaban kyandir?

Anti Malama:
Amin ya Allah. Maman Hanifa sannu, na san ciwon.

Baban Khalil, rabin maganarka ni ma tawa ce. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da 'yan ƙasa da shekara shida, kuma gaskiya ne hannu ya fi kunne riƙo. Dalilin kafa irin waɗannan gidajen ke nan. Na farkonsu a duniya a Buruklin ta birnin Niyok aka buɗe shi a 1899. A shekarun 1960 shugaban na Boston, Michael Spock, ya cire allunan hana taɓawa ya sa kaya a hannun yara, sauran suka bi sahu. Su kansu mutanen Meziko suna da nasu babba a babban birninsu, Papalote, tun 1993, takensa ma shi ne taɓa, yi wasa, ka koya.

Inda muka rabu da kai shi ne a ce kar a je gaba ɗaya. A ajina kusan rabin yaran iyayensu daga Meziko suke ko ƙasashen da ke kudu da ita. Da su 'ya'yanmu ke cin abinci, da su suke ƙwallo. Na ga yaro yana toshe hanci idan ɗan'uwansa ya buɗe kwanon abincinsa, kuma na ga an yi wa namu haka da tuwo da miyar kuka. Yaron da ya taɓa danna tortiya da hannunsa ba ya yi wa mai cin ta dariya. Wannan na gani da idona shekara da shekaru.

Abu Fatima:
Bari in ɗan yi bayanin teburin, don a san a kan me ake magana. Na bikin Ranar Matattu ne, ana yin sa ran 1 da 2 ga Nuwamba, ta farko ta yara, ta biyu ta manya. Ya samo asali ne daga haɗuwar al'adun mutanen ƙasar na asali da ranakun cocin Katolika da Sifaniyawa suka kawo bayan sun ci birnin Tenochtitlan, inda babban birnin Meziko yake a yau, a 1521. Hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2008. Masu yi sun yi imani cewa rayukan mamatansu na kawo ziyara a daren, shi ya sa ake ajiye abincin da mamacin yake so da ruwa da gishiri, furen kuma ƙamshinsa da launinsa ne ke nuna masa hanyar gida. A jihar Michowakan ma a daidai lokacin ne miliyoyin malam-buɗe-littafi ke isowa daga Kanada da Amurka, tafiyar kusan kilomita 4,000, wasu na ɗaukar su a matsayin rayukan da suka dawo.

Saboda haka Baban Khalil bai yi kuskure ba da ya ce akwai aƙida a ciki. Ba ado ba ne kawai. Kuma mai ganin girman abin a cikinsu ba lallai ya so a mai da shi aikin fensir da almakashi ba.

Maman Hanifa:
Abu Fatima, kamar ka ji hirarmu da maƙwabciyata. 'Yar Meziko ce, mutuniyar kirki, ita ta riƙe mini yara lokacin da na tafi gida zaman makoki. Da na ba ta labari ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta ce surukarta ma ba ta yi, saboda cocinsu ya hana. Abin da ita ke ɓata mata rai shi ne a haɗa shi da bikin Halowin na saka kayan dodanni, ta ce ita mahaifinta take tunawa, ba wasan tsoro take yi ba.

Goggo Mai Waina:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni baƙuwa ce, wankan jego ya kawo ni wajen 'yata, ita ke rubuta mini. An nuna mini hotunan da Maman Hanifa ta turo. Wannan dutsen da yarinyar ta durƙusa a gabansa ai dutsen niƙa ne, da ɗansa a kai, sak irin wanda na tashi na samu a tsakar gidanmu. A kansa aka koya mini niƙa tun ban kai Hanifa ba, kafin injin ya shigo unguwarmu. Yanzu jikokina na Kano ma ba su san shi ba. Ashe sai an ƙetare teku za a nuna wa jikanmu dutsen niƙa. Ikon Allah.

Anti Malama:
Goggo barka da zuwa, Allah ya raya. Suna ce masa metate. Kuma ki ji wani abin, ƙullun da suke niƙawa a kai sunansa masa a bakinsu.

Goggo Mai Waina:
Masa dai tamu?

Abu Fatima:
Ranki ya daɗe, wannan dai dacewa ce kawai, a Sifaniyanci kowane ƙullu masa ne. Amma akwai waɗanda tushensu ɗaya ne da namu, saboda Larabci ya daɗe a Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi. Shugaban gari suna ce masa alkalde, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Sukari asukar ne. In suna fatan wani abu su ce ohala, asalinta Larabci ce mai ma'anar in Allah ya so.

Ɗan Maigatari:
Jama'a ku ba ni dama, don an zo gonata. Ni ban taɓa taka Amurka ba, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan, amma Meziko kam ita ke ciyar da gidana. Harkar zoɓo nake yi. Mu saya a hannun manoma a Jigawa da ƙetaren iyaka ta Nijar, mata su tsince, a cika buhu, a kai Kano, a loda kwantena zuwa Legas. Babban mai sayen zoɓon Najeriya Meziko ce. Shekarun baya da suka dakatar da saye saboda ƙwari da aka samu a kaya, kowa a kasuwar nan ya ji a jikinsa, farashi ya faɗi warwas, sai da aka gyara harkar feshi aka sake buɗewa. Maman Hanifa, in a kasuwar wasan nan akwai jan fure busasshe a kwando, ki ce wa Sadiq wataƙila daga garin su baba ya taso.

Maman Hanifa:
Akwai kuwa! An sa manyan tulunan gilashi na wasa guda uku, ja da fari da ruwan ƙasa. Jan shi ne hamaika, zoɓo ke nan. Na ruwan ƙasan tsamiya ce. Farin orchata, na shinkafa da kirfa.

Maman 'Yan Biyu:
A Sifen kuma orchatar da aya ake yin ta, kunun aya ne ba ƙari ba ragi. Na sha a can.

Ummu Aiman:
Ni fa abin da ya ɗaure mini kai a allon da kika ɗauko hoto, wai masara daga Meziko ta fito. Masarar da muke tuwo da ita? Na ɗauka tun kaka da kakanni tamu ce.

Abu Fatima:
Gero da dawa su ne namu na gado, Ummu Aiman. Masara baƙuwa ce, bayan shekarar 1500 ta shigo Afirka, kuma masana harshe na danganta sunanta na Hausa da Masar. Manoman kudancin Meziko ne suka samar da ita kimanin shekara 9,000 da suka wuce, a kwarin kogin Balsas, daga wata ciyawa mai suna tewosinte wadda zangarniyarta ba ta kai ɗan yatsa ba. Tumatir ma sunansa daga harshen Nahuwatal na mutanen Meziko na asali ya fito, tomatl. Barkono daga nahiyar Amurka ya zo. Ki cire waɗannan daga tukunyarmu ki ga abin da zai rage.

Amma akwai abin da aka baro a can da aka ɗauko masarar. Su ba sa niƙa ta haka nan. Sai sun dafa tsabar da ruwan toka ko farar ƙasa ta girki, ta kwana a ciki, a wanke, sannan a niƙa. Wannan ne ke sa ƙullun ya yi danƙo, kuma shi ke sakin sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin, yadda jiki zai amfana. Wuraren da suka dogara da masara ba tare da wannan dabarar ba, irin su arewacin Italiya da kudancin Amurka a da, sun sha fama da ciwon felagra, mai lalata fata da kawo gudawa.

Goggo Mai Waina:
To ai mu ma mun san aikin toka da kanwa a girki. Kowa da tasa hikimar.

Baban Khalil:
Duk na ji, kuma na ƙaru, musamman maganar zoɓo. Amma kun bar baiwar Allah da tambayarta. Ba zoɓo ne ya sa yarinya kuka ba. Kuma ina ƙara tambaya, wa ya ba ma'aikaciyar izinin ce wa ɗan wani ya rubuta sunan mamacinsa? Ta tambayi uwar?

Anti Malama:
Nan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ya kamata a nuna teburin, a yi bayani, a bar iyaye su zaɓa. Ba don Musulmi kaɗai ba. Akwai yaron da uwarsa ta rasu wata biyu da suka wuce, ka miƙa masa takarda haka kawai a tsakiyar jama'a? Maman Hanifa, ki rubuta musu cikin ladabi. Irin wuraren nan suna karanta ra'ayin iyaye, kuma sau da yawa suna gyarawa.

Malam Na Masallaci:
Assalamu alaikum. Allah ya gafarta wa Hajiya. Ba fatawa zan bayar ba, shawara ce ta ɗan'uwa. Sanin al'adar mutane daban, shiga ibadarsu daban. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta gaya mana an sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma wasan yara yana da sauƙi a addini, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Don haka ciniki a kasuwar wasa da saƙa da niƙa, ban ga abin ƙi ba. Ɗora sunan mamaci a teburin da aka kafa don tarbar rayuka kuwa, hana ta da kika yi shi ne daidai.

Sai dai ki lura da abin da yarinyar ta tambaya. Ba ta ce tana son kyandir ba. Cewa ta yi ba kya son a tuna da Kaka. Yarinya ce mai kewar kakarta, ta ga wasu sun sami abin yi da hannunsu, ita ba ta da shi. Mu muna cewa a yi addu'a, mu wuce, yaro kuwa yana son abin da zai riƙe. Ki ba ta. Ku dafa abin da Hajiya take so, ita ta zuba, ita ta kai sadaka da hannunta, ki gaya mata ladan na isa ga Kaka. Ki zauna ki ba ta labarinta.

Maman Hanifa:
Malam, na karanta wannan ina hawaye. Allah ya saka da alheri. Gaskiya tun rasuwar ban cika ambatonta gaban yaran ba, don ba na son su ga ina kuka.

Abu Fatima:
Ni kuma ina da wani ƙorafin daban a kan irin wannan baje kolin, ko da an cire teburin. Kullum ƙauye ne, kullum kasuwa da malafa da jaki. Meziko ƙasa ce mai mutum miliyan 126 a ƙidayar 2020, babban birninta da kewayensa ya haura miliyan 20, da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1969, da masana'antun mota. Tana da harsunan asali 68 da hukuma ta amince da su. A ƙidayar nan mutum wajen miliyan biyu da rabi sun ce su jinin Afirka ne. A jihar Berakurus akwai gari mai suna Yanga, sunan wani bawa ɗan Afirka da ya jagoranci waɗanda suka tsere, suka yi ta fafatawa da Sifaniyawa har aka bar musu garinsu. Shugaba Vicente Guerrero ya haramta bauta a 1829, Amurka ba ta yi ba sai 1865. A San Kiristobal ta jihar Chiyafas akwai 'yan asalin ƙasar da suka musulunta tun shekarun 1990. Wanne daga ciki Sadiq ya gani? Mu da muke jin zafi in an nuna Afirka bukka da ganga kawai, bai kamata mu yi shiru ba in an yi wa wasu.

Anti Malama:
Ɗan shekara biyar ba ka fara masa da 1829, Abu Fatima. Da sikeli da wake ake farawa, tambaya ta biyo baya. Amma na yarda da kai a abu ɗaya, a duba su wa suka tsara. In mutanen wani gari takamaimai ne suka ce ga kasuwarmu, ga makarantarmu, ga yadda muke gaisuwa da harshenmu, yaro zai san gari guda ya gani. In kuwa an kwaso malafa daga nan, kiɗa daga can, an ce wannan ce Meziko, to nan ne matsalar take.

Maman Hanifa:
A allon ƙofa an rubuta cewa da iyalai 'yan jihar Wahaka mazauna garinmu aka tsara shi, har akwai ɗan aji da ake jin gaisuwa da harshen Zafotek, ɗaya daga harsunansu na asali, in ka danna maɓalli. Jirgin ƙasa da masana'anta kam babu.

Ummu Aiman:
Tunatarwa ga masu niyyar zuwa, in ana raba ɗanɗano ko kun biya gidan abincinsu, ku tambaya. Ana yawan sa kitsen alade a tamale, wato ƙullun masara da ake turarawa a ganye, da dafaffen wake da ake soyawa, wani lokacin har tortiyar fulawa. Sunansa manteka. Tako al fasto ma, wato tortiya da gasasshen nama a ciki, naman alade ne, duk da kamarsa da shawarma. Tortiyar masara zalla dai masara ce da ruwa.

Maman 'Yan Biyu:
Ni maganar Goggo ce ta hana ni sakat. Ina ƙarama a Yamai ana kai mu gidan tarihi na ƙasa, wanda ake kira da sunan Boubou Hama, ka ga maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a gabanka, ka ga gidajen gargajiya na ƙabilu. Amma kallo ne, ba a ba ka guduma. Kuma a lokacin ba mu buƙata, don in mun koma gida ga turmi ga taɓarya, ga tuwon ƙasa muna yi a bayan ɗaki. 'Yan biyuna a nan Kanada ba su taɓa riƙe faifai ba. Ranar nan ɗaya ta ga rariya a hoto ta tambaye ni ko ta kamun kifi ce.

Me zai hana a taron Sallah mai zuwa mu ware lungu guda? Ƙaramin turmi, faifai, rariya, ƙwarya da ludayi, tandar waina ba wuta, mudu da tsabar gero su yi awo. A gayyato maƙwabta su kawo nasu yaran.

Goggo Mai Waina:
In ina nan ni zan zauna musu. A samo mini kara in nuna wa mazan yadda ake mota.

Baban Khalil:
Wannan kam da ni za a yi. Akwai turmi da taɓarya a gidana, daga Zariya na taho da su. Gidan tarihin dai har yanzu ba zan kai nawa ba sai an sauke teburin nan.

Maman Hanifa:
Na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na zaunar da Hanifa, na ce mata su maƙwabtanmu haka suke tuna nasu, mu kuma ga yadda muke yi. Na fito da mayafin Hajiya na ba ta ta riƙe. Na yi kuka a gabanta, ita ma ta yi. Daga nan muka soya waina, don ita Hajiya ta fi so, muka haɗa zoɓo da citta da kanumfari. Hanifa ce ta zuba a robobi, ta kai masallaci da magariba tare da babansu, roba ɗaya kuma ta kai wa maƙwabciyarmu. Matar ta kurɓa ta ce hamaika ce amma ta fi tasu yaji, ta ce in rubuta mata abin da na sa.

Wasiƙar ma na tura wa gidan tarihin kamar yadda Anti Malama ta ce. Sadiq ya dame ni sai mun koma rumfarsa, don haka Asabar ƙarfe goma muna can. Ummu Aiman, in za ki zo da naki ki yi mini magana, akwai wurin mutum uku a motata.